Taragun kwal goma sha biyu: littafin aikin fenti da tsatsa

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Ƙananan taragun roba goma sha biyu, kwaikwayon na jirgin ƙasa, su ne a jere kan teburina yau. Takwas na kamfanin Bachmann ne, a haɗe na saye su. Huɗu na kamfanin Parkside ne, irin waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa mutum ya haɗa abinsa da gam. Duka ma'aunin OO ne, wato kowace ƙafa ɗaya ta taragon gaske ta koma milimita 4, faɗin layin kuma milimita 16.5. Akwatin taragon gaske tsawonsa ƙafa 16 da rabi, nawa kuwa milimita 66, bai kai ɗan yatsana na tsakiya ba.

Taragon ƙarfen nan mai ɗaukar tan 16 shi ne jakin hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya bayan gwamnati ta karɓe layukan a 1948. Samfurin da aka haɗa da walda kaɗai, mai lamba 1/108, an ƙera sama da 200,000. Kwal ne babban kayansu, daga bakin mahaƙa zuwa tashoshin wutar lantarki da masana'antu da filayen 'yan kwal na garuruwa. Abin da nake son kwaikwaya shi ne jiragen kwal ɗin da ke tashi daga Annesley, arewa da Nottingham, su gangara Woodford Halse a kan tsohon layin Great Central a farkon shekarun 1960, kan jirgi samfurin 9F mai manyan tayoyi goma yana jan su.

Goma daga cikin nawa ruwan toka ne, launin taragun da ba su da birki sai na hannu. Biyu ja ne mai duhu, launin masu birkin da direba ke kamawa daga kan jirgi. Dukansu sai ƙyalli suke yi, fes da su, kamar ba a taɓa zuba musu ko cokali ɗaya na kwal ba. Duk tsohon hoton da na duba, ban ga jerin taragu haka ba. Aikin da ke gabana ke nan: kowane ɗaya ya fito da shekarunsa a jikinsa.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Gani ya kori ji. Yau na je ɓangaren layin Great Central da masu son tsoffin jirage suka raya, tsakanin Loughborough da Leicester. Suna da jerin irin taragun nan, waɗanda aka tara kuɗi aka ceto a farkon shekarun 1990. Yawanci an gyara su an yi musu fenti, sun fi na zamanin aiki tsafta nesa ba kusa ba. Amma na sami guda da ke jiran gyara a gefen layi, na tsaya a kansa har yatsuna suka ƙage don sanyi.

Abin da ban taɓa lura da shi a hoto ba shi ne daga ciki tsatsar take fitowa. Garin kwal yana maƙalewa a kusurwoyi da gindin akwatin, ruwan sama ya jiƙa shi, ƙibiritun da ke cikin kwal ya haɗu da ruwan ya zama ruwa mai cin ƙarfe. Sai farantin ya yi ta sirancewa daga ciki, fentin waje ya kumbura, ya tsage, ya ɗago kamar ƙanzo a gindin tukunyar tuwo. Shi ya sa mafi munin wuri shi ne ƙasan bango, daidai inda ya haɗu da daɓen taragon, da gefen ginshiƙan da ke riƙe bangon, da kewayen ƙofa. Leɓen sama kuma duka ne ya cinye shi: shebur, da bakin injin loda kaya, da manyan duwatsun kwal da ake sakowa daga sama.

Launin ma ba ɗaya ba ne. Tsohuwar tsatsa duhu gare ta, kamar busasshiyar hanta, wani wurin har ta kusa zama baƙa. Ruwan goron nan da kowa ke kira tsatsa ɗan kaɗan ne, a bakin sabon rauni kawai da kuma siririn zanen da ruwa ya bari yana gangarowa. Na sa ɗan yatsa a jikin farantin, na ji shi kaushi-kaushi, ya bar mini gari ruwan ƙasa a fata.

Wani dattijo cikin masu aikin sa kai ya ga na daɗe a wurin, ya matso muka gaisa. Ya ce da ƙuruciyarsa aikin haɗa taragu ya yi a fili, da doguwar sanda mai ƙugiya da ake ɗaga sarƙa da ita. Da na gaya masa abin da nake yi, abu biyu ya ja mini kunne a kai. Na farko, da wuya a ga taragu biyu a jere masu kama ɗaya, domin kowane da shekarar ƙirarsa da inda ya yi yawo. Na biyu, komai lalacewar tarago, lambarsa tana karantuwa, saboda da ita akawu ke aiki. In ta dushe sai a shafa baƙin fenti a wurin a sake rubutawa, a bar sauran jikin yadda yake. Na rubuta duka biyun a bayan tikitina kafin in manta.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na cire tayoyi da maƙalai, na wanke akwatunan da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, don maiƙon hannu yana hana fenti kamawa. Suna shanye a kan jarida. Na rubuta wa kowane lamba a ƙarƙashinsa, 1 zuwa 12.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Gwajin farko bai yi ba.

Dabarar gishiri na gwada a kan lamba 9, ɗaya daga cikin waɗanda na haɗa. Ana fesa launin tsatsa ya bushe, a jiƙa jikin da ruwa, a barbaɗa gishiri, in ya kama a fesa ruwan toka a kai, sannan a kakkaɓe gishirin, tsatsar ta leƙo ta gurbinsa. Na bi komai daki-daki. Da na gama na ɗaga shi a ƙarƙashin fitila, ƙaramar 'yata ta leƙo ta ce, "Baba, wannan ai zabo ne." Gaskiya ta faɗa. Ɗigo-ɗigo ne masu girma ɗaya, sun bazu ko'ina daidai wa daida, daga sama har ƙasa. Gishiri bai san inda ruwa ke kwanciya a jikin tarago ba, ni kuma da na sani ban nuna masa ba.

Launin ya fi damuna. Ya yi ja ƙwarai. Na daɗe ina kallonsa kafin in gane inda jan ya fito. A Zariya na tashi, ba nisa da tashar jirgi, kuma taragun da idona ya fara sani su ne waɗanda rana ta gasa, jar ƙasa ta lulluɓe, hunturu ya busar. Tsatsarsu busasshiya ce mai haske. Da na ɗauki buroshi, can hannuna ya nufa ba tare da na sani ba. Taragon Annesley kuwa a cikin yayyafi da hayaƙin kwal ya yi rayuwarsa, danƙararriyar toka da baƙin gari a kan komai. Ina son jan nan na Zariya har raina, kuma wata rana zan yi masa nasa taragon, amma ba a wannan jerin ba.

Na jiƙa lamba 9 a sifirit na sa buroshi na wanke ruwan tokar.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Kwana uku na yi ina haɗa launi a kan murfin roba kafin in taɓa tarago. Abin da na tsaya a kai: fentin mai na kamfanin Humbrol lamba 70, jan bulo, da lamba 98, ruwan ƙasa mai duhu, da ɗan baƙi lamba 33, sai na zuba hodar jarirai kaɗan a ciki don ya yi kaushi. Ban fesa ba. Da guntun buroshi mai tauri na daddaɓa shi, ina sauya yawan baƙin daga wuri zuwa wuri. Na bar shi kwana huɗu ya bushe sarai, domin fentin mai in bai bushe ba duk abin da aka ɗora masa sai ya kwaɓe.

A maimakon gishiri, feshin gashi na mata na yi amfani da shi, wanda na roƙa wurin uwargida. Shafi biyu marasa kauri. Da ya sha iska na fesa ruwan toka na Tamiya, XF-19 da ɗan fari, wanda shi fentin ruwa ne. Bayan kamar minti ashirin sai na jiƙa buroshi da ruwa zalla na fara taɓa wuraren da nake so. Ruwan yana ratsa fentin ya narkar da feshin gashin da ke ƙasa, sai tokar ta ɓare da kanta, da bakin da ba shi da tsari, ƙanana da manya, daidai irin ƙanzon da na gani a Loughborough. Inda nake son zane siriri, kamar inda wani abu ya karce bango, tsinken sakace na sa.

Daɗin wannan hanya shi ne ta bi yadda abin ya faru a gaske: ƙarfe a ƙasa, tsatsa a kansa, fenti a sama yana barin wurin. Kuma ni ke zaɓar wurin. Na ajiye hoton taragon nan a gabana, na ci ƙasan bango sosai, na bi gefen ginshiƙai, na bar tsakiyar faranti da ɗan sauran fentinsa. Wahalarta ita ce tsayawa. Fentin yana ɓarewa cikin sauƙi har mutum ya ji kamar ya ci gaba, kuma abin da ya tafi ya tafi. A lamba 10 na zarce a gefe ɗaya, sai na mayar da shi tsohon tarago wanda fentinsa ya kusa ƙarewa. Akwai irinsu da yawa a hotuna, ya sami gurbinsa.

Takwas ɗin da na saya a haɗe ba zan yi musu haka ba, don ba na son rasa lambobinsu da aka buga da kyau. Su a kan fentinsu zan ɗora tsatsa, da ɗan guntun soso a bakin hantsaki, in dangwala in goge a takarda har ya kusa bushewa sannan in taɓa. Ta fi sauri, amma in an matso ana gane tsatsar a sama take zaune. Maganin da na samu shi ne in bi gefen manyan tabo da siririn layin toka mai haske, ido sai ya ɗauka bakin fenti ne ya ɗago.

Asabar, 7 ga Disamba

Ƙarƙashi. Robar da aka yi shi da ita baƙa ce wuluk, alhali a gaske babu abin da ke zama baƙi a ƙasan tarago. Ƙurar layi da tokar kan jirgi da garin ƙarfen birki suna mayar da komai ruwan ƙasa mai duhu. Humbrol 62, ruwan ƙasa mai haske, kashi biyu, baƙi kashi ɗaya, na tsinka shi da tina, na fesa daga ƙasa zuwa sama yadda ɗan hazo zai hau gindin bango, tunda ta nan datti ke tasowa.

Sauran aikin na ƙaramin buroshi ne. Akwatin man da ke bakin kowace taya yana yoyo, don haka ɗigon baƙi mai sheƙi a ƙasansa. Faifan ƙarfen da ke karo da na taragon gaba yana da tabon giris a tsakiya. Bakin sandar birkin hannu fari ne, don mai aiki ya gan shi da dare, na dusashe shi amma ban kashe shi ba. Na goga bakin fensir a kan sarƙa da gefen sifirin, suka ɗauki ɗan ƙyallin ƙarfe. Tayoyi na yi wa fuskarsu fenti, na share inda ke taka layi da audugar kunne, na kuma kiyaye tsinin da suke juyawa a kai, don ɗigo ɗaya a wurin ya isa ya sa tarago jan ƙafa.

Guda goma sha biyu, tayoyi arba'in da takwas. Dare uku.

Talata, 17 ga Disamba

Raina ya ɓaci yau, kuma laifina ne. Na yi wa lamba 2 da 5 da 11 zanen ruwa a ƙarshen mako: ɗigon fentin mai na masu zane, ruwan goro da ruwan ƙasa, ƙanana kamar kan allura a bakin tabon tsatsa, sai in ja su ƙasa da faffaɗan buroshi mai ɗan danshin tina. Sun yi kyau har na kira uwargida ta gani. Jiya da dare na ce bari in rufe su da banish marar sheƙi. A gareji na fesa, cikin sanyi da laima, gwangwanin ma da sanyinsa. Da safe na tarar da su sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu garin rogo. Sauri ya haifi nawa.

Na shigo da su ɗaki suka yini kusa da hita. Da yamma na yi musu shafi ɗaya na banish mai sheƙi, farin ya nutse, kusan duka ya tafi. In ya bushe zan mayar da marar sheƙin a cikin ɗumi, in fara ɗumama gwangwanin a ruwa. Amma siraran zanen nan sun dushe, sai na sake su. Na kuma lura banish yana haɗiye garin launi, wanda na shafa wa lamba 5 ya ɓace ɗungurungum. Daga yau gari shi ne na ƙarshe, bayan banish.

Asabar, 28 ga Disamba

Hutun ƙarshen shekara ya ba ni kwana uku a jere, na yi faci da rubutu.

Idan ƙasan bango ya huje, ba a jefar da tarago. Ana yanke ruɓaɓɓen a yi waldar sabon faranti, wani a yi masa fenti, wani a bar shi haka. Na fara gwada manna 'yar robar da ta fi kowace siranta a wurina, milimita 0.13, sai na yi lissafi na ga in an ninka ta sau 76, wato yadda taragon gaske ya ninka nawa, ta kusa santimita guda, kuma a ido ma ta yi tudu. Na cire. Tef na manna na keɓe wurin, na shafa launi dabam, na ja layin walda da bakin allura da aka tsoma a tsatsa mai duhu. Lamba 3 facinsa sabuwar toka ce mai haske a ƙarƙashin tsohon bango. Lamba 10 facinsa tsatsa ce sumul, ba kaushi, irin ta sabon ƙarfen da ruwa ya fara taɓawa. Wannan bambancin, tsakanin tsatsar shekara ɗaya da ta shekara goma, shi ne abin da na fi alfahari da shi zuwa yanzu.

Na bi maganar dattijon nan. A huɗun da na haɗa, na yi baƙin fili a hagu na manna 16T da lamba mai farawa da B, nauyin taragon ba kaya kuma a dama, na bar su da tsabtarsu a kan jikin da ya ci wuya. Farin layin da ke ratsa bango a karkace ba ado ba ne, yana nuna ƙarshen da ke da ƙofar juye kaya, kuma can yake hawa. Sai da na duba kowane tarago gefe da gefe, don layukan biyu dole su nufi ƙarshe guda.

Sai rubutun alli. Masu haɗa taragu suna rubuta lambar layi ko sunan gari a gajarce a jikin bango, sabo a kan tsoho. Farin fensir na fere ya yi tsini, na yi rubutun, wasu na murje su da yatsa su zama na makon jiya. Ban yi wa duka ba. Biyar kawai.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Cikin akwati tsatsa ce da baƙin gari, da ɗan sulɓi a daɓe wajen ƙofa inda kwal ke zamewa, nan ma fensir ya yi aiki. Kayan kuwa kwal na gaske ne. Na naɗe dunƙule ɗaya a tsumma na farfasa da guduma, na tace da rariyar shayi, na raba manya da ƙanana. Na yanka kwali daidai bakin kowane tarago, na yi masa tudu biyu, na shafa baƙi, na zuba kwal, na ɗiga farin gam da aka tsinka da ruwa rabi da rabi da ɗigon sabulu don ya ratsa. A ƙarƙashin kowane kwali na manna ɗan zoben ƙarfe, yadda zan ɗaga kayan da maganaɗisu. Dalili shi ne a layin nan kwal kudu yake tafiya, taragu su komo arewa wayam, ina son jerin ya iya yin duka biyun.

Babu fentin da ke kama hasken fitila kamar kwal na gaske. Ɗakin ma har ya ɗauki ɗan warinsa.

Lahadi, 19 ga Janairu

Yau na mayar da tayoyi na haɗa su duka a kan layi, kusan mita guda na taragu a bayan 9F. Na kashe fitilar sama na bar ta gefe, na durƙusa har idona ya yi daidai da layin, na sa shi tafiya a hankali. Da suka zo wucewa, toka, duhu, faci, ja, toka, sai da na ji wani abu a ƙirjina. Sun yi nauyi. Ba su yi kama da roba ba.

A zagaye na uku na ga aibin. Lamba 6 da 7 da 8 'yan uwan juna ne. Dare ɗaya na yi su, da soso ɗaya, da haɗin launi ɗaya, kuma hannuna ya riƙa komawa kusurwa ɗaya a kowane. Raba su a cikin jerin zai rage, amma ba zai warkar ba. Lamba 7 zan ƙara masa duhu sosai in yi masa faci. Lamba 6 kuma zan wanke shi in mayar da shi kusan sabo, ƙura kawai a ƙarƙashi da ɗan baƙi a leɓe, kamar wanda bai fi wata biyu da fitowa daga gyara ba. Jerin ba shi da ko ɗaya irin wannan, kuma sai da na gan su a tafe na gane rashinsa.

Saura taragon gadi na ƙarshen jirgi, mai tan 20, wanda har yanzu yana cikin kwalinsa. Ɗakinsa na katako ne, kuma katako ba ya tsatsa: fenti yana bin tsawon itacen yana zubewa, abin da ke ƙasa ya koma toka-toka mai ɗan fari, kowane falanki da nasa launin. Ban taɓa gwada shi ba. Na ajiye sandunan ashana guda shida a bakin taga ta waje tun jiya, ruwa da iska su yi musu aiki, in sami abin dubawa kafin Asabar mai zuwa.